Hanyar da Shanu Suka Cinye

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a bakin gulbi ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bari ba. Har yau in na wuce majalisar bakin kasuwa sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Mushe, ina labarin hanya?" Sai in yi murmushin yaƙe in ƙara sauri.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, inda ake kiran malami Mushe, daga Faransanci. Nan aka haife ni, nan kuma aka maido ni aiki bayan na yi shekaru ina karatu a Maradi. (Shekarun nan na birni su suka cuce ni. Na dawo da takarda da tabarau, amma na manta abin da ko akuyar gidanmu ta sani.) Ina da yaya mace, Yaya Habsu, wadda ta raine ni bayan rasuwar Innarmu. Shan inna ya kama ta tana ƴar shekara shida, tun ban zo duniya ba, daga nan ƙafafunta ba su sake ɗaukarta ba. Tana da keke mai ƙafa uku irin wanda ake tuƙawa da hannu, sana'arta kuma kitso, har daga Gidan Sori mata ke zuwa su zauna gabanta. Ba ta kirana da sunana, sai Auta.

Abin ya faro ne daga wani bidiyo da abokin karatuna ya turo mini a salula. Bakin teku ne a wata ƙasa da ban ma san sunanta ba. An shimfiɗa wata doguwar tabarma shuɗiya a kan rairayi, tun daga titi har cikin ruwa, sai ga wata mata a keken guragu tana gangarowa ita kaɗai, ba mai tura ta, har kumfar ruwan ta zo ta lashi tayoyinta ta koma. Na miƙa wa Yaya don ta ga abin mamakin duniya, ba don komai ba. Ta kalla, ta ce in maido shi farko. Na maido. Ta sake cewa in maido. Matar da take yi wa kitso tana zaune da rabin kai a tsefe, Yaya ta manta da ita sarai, sai da cajin salular ya ƙare.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Ni ba teku nike so ba, Auta. Gulbin nan namu ya ishe ni."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kafin ciwon, Inna kan tafi da ita wanki bakin gulbi. Takan zauna a wurin da ruwa bai wuce idon sawu ba, ƙananan kifaye su zo suna tsinkar mata yatsu, ita kuwa tana ƙyalƙyala dariya. Ta ce har yanzu wani lokaci in tana kitso takan ji sanyin nan ya taso mata daga tafin ƙafa, sai ta duba ta ga tabarma ce kawai. "Ƙafafun nan ba su tahiya," in ji ta, "amma ina so in sani ko har yanzu sun san ruwa mai gudu."

Gulbin ba shi da nisa da gidanmu, da damina muna jin kwaɗinsa daga tsakar gida. Amma tsakanin gaɓa da ruwa akwai rairayi mai laushi, taku ɗari ko fiye, keke in ya shiga sai ya nutse har gindi. Goyo kuwa ta ce ba mai goya ta da furfura a ka a gaban maza masu wanka, rarrafe kuma ta yi ban kwana da shi tun ranar da ta samu keke. Shekara talatin da wani abu ke nan tana jin ruwa daga nesa.

Wallahi tausayinta ya kama ni ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Daga ranar na shiga mafarkin ido biyu. Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, sai in ga allon ya zama rairayi, alli ya ja wata doguwar hanya har cikin ruwa, Yaya tana gangarawa iska na kaɗa mayafinta. A gefe kuma, ga ni nan cikin farar shadda, mutane na nuna ni da baki. Har na ji muryar mai rediyo yana tambayata, "Mushe, yaya aka yi wannan tunani ya zo maka?" (Amsar ma na shirya ta, da Hausa da Faransanci.)

Na ƙudura ba zan gaya wa Yaya ba, sai dai ta gani kwatsam. Na bi gaɓar gulbi ina neman wurin gangara. Ko'ina gaɓa ce mai tsayi, sai wuri ɗaya tak, can bayan gari, mai faɗi, ya kwanta a hankali har bakin ruwa kamar an share shi don ni. Na ga ƙasar wurin duk ƙananan ramuka, na ce ruwan sama ne ya yi su. A kaka fa, bayan an yi sati uku ba a ga ko hadari ba!

Shuɗiyar tabarma dai babu ita a kasuwar Gidan Rumji. Amma lokacin girbi ne, ga karan dawa sabo fil a gonarmu, ganyensa ma bai gama bushewa ba. Na ce za a jera kara a gicciye, a ɗora zana a kai, taya ta samu wurin takawa. Na bi maƙwabta na ari zana, na roƙi Kawu Nomau, ƙanen Innarmu, ya kwaso mini karan a amalankensa na shanu. Da muka isa wurin ranar Juma'a da yamma, ya tsaya ya dubi gangaren, ya dubi karan, ya dube ni.

"Nan za ka zuba?"

"Nan, Kawu."

"Ɗana, ka san hwa wurin nan..."

"Kawu, na auna. Na yi lissafin gangaren."

Ya gyara hularsa. "To, masu lissahi," ya ce, ya fara sauke kaya.

Ni da malamai biyu abokan aikina muka jera har rana ta yi ja. Kai, ta yi kyau! Hanya ce miƙaƙƙiya, ruwan zuma, tana sheƙi har bakin ruwa, ƙamshin sabon kara na tashi. Na kafa sanda biyu a bakinta na ɗaura jan ƙyalle, irin yadda manya ke yi in za su buɗe sabon buro, wato ofis. Almakashi ma na aro wajen tela. Na gayyaci daraktan lakol da maigari da liman, na kuma gaya wa mutum uku kacal a asirce, wato dai na gaya wa gari duka.

Da safe ban je na duba ba. Ina zan samu lokaci, ina gugar shadda ina bitar jawabi? Da hantsi na ce wa Yaya ta sa kayanta na salla. Ta tambayi ina za mu, na ce ta dai rufe ido in mun fita bayan gari. Ta yi dariya ta ce, "Auta, ba ka girma," amma ta rufe. Na kama keken ta baya ina turawa, jama'a na biye da mu, yara da manya, ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi.

Muna kusa sai ta ce, "Auta, ina jin warin shanu."

"Iska ce, Yaya."

Muka karya kwanar ƙarshe, na ɗaga murya na ce, "Buɗe idonki!" Ni ma a lokacin na ɗaga nawa.

Shanu ne. Shanu har iyakar ganina, na Fulanin da suka sauko cin kara bayan girbi, da na noman garinmu. Wurin da na zaɓa, ashe mashaya ce. Kofatonsu ne suka kwantar da gaɓar shekara da shekaru, shi ya sa ta yi laushin gangara. Su kuwa bayin Allah sun zo shan ruwa da sassafe suka tarar an shimfiɗa musu karin kumallo tun daga sama har ƙasa. Kara babu, sai tsinke. Zanar maƙwabta duk an yayyage an tattake cikin kashi. Wani bajimin sa yana tsaye a tsakiya yana tuƙa a natse, jan ƙyallena na lilo a ƙahonsa.

Sai wata tsohuwa can baya ta ce, "Oh, Mushe ya yi wa shanu walima!" Dariya ta ɓarke. Darakta ya juya baya kafaɗunsa na rawa, liman ya rufe baki da gefen rawani.

Mai hankali a nan zai juya keke ya koma gida. Ni kuwa na hango wani guntun zana da ya rage na ce, "Akwai saura! Yaya, riƙe da kyau!" Ta ce, "Auta, tsaya." Ban tsaya ba. Na tura da ƙarfi, muka yi taku goma sha wani abu, tayar gaba ta nutse, na ƙara ƙarfi, takalmina ya taka sabon kashin shanu. Sai ga ni zaune daɓas a cikinsa, farar shadda, tabarau a karkace, almakashin tela a aljihu.

Dariyar ta ƙaru, sannan ta mutu a hankali. Na ɗaga kai na ga dalili. Yaya tana tsakiyar rairayi, keke ya kafe, ba gaba ba baya, gari duka ya zuba mata ido. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Abin da ta yi shekara talatin tana gudu, ni na ɗauko ta da hannuna na kawo ta cikinsa, har da gayyata. Kunyar kashin shanu wasa ce a kan wannan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kawu Nomau ne ya cece mu. Ya juya ga jama'a ya ce, "To, an ga hanya, an gode. Kowa ya tahi gonarsa." Maigari ya fara juyawa, sauran suka bi. Makiyayan ma suka kora dabbobinsu gaba. Kafin su yi nisa, Kawu ya shiga cikin garken ya kamo shanunsa biyu (su ma da su aka ci, har da ganye a bakin ɗaya), ya ɗaura musu amalanken da ya bari a bakin gaɓa tun jiya, ya kawo shi da baya har gaban keken, ya kwantar da gindinsa ƙasa.

"Habsu," ya ce a hankali, "kullum amalanken nan na zuwa ɗibar ruwa. Ban taɓa tambayarki ba. Ki yahe mini."

Ta buɗe fuska, idonta ya yi ja. Na matso zan ɗaga ta, ta ɗaga mini hannu. Ta kama katakon da hannuwan nan nata masu ƙarfi, ta ja jikinta ta hau ita kaɗai, ta zauna a baki ta zuro ƙafafu. Sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kullum da asuba ta bayan ɗakina shanu suke wucewa zuwa nan. Da ka tambaye ni, da na gaya maka." Ta toshe hanci. "Biyo mu a ƙasa, kai ma wankan kake bukata."

Shanun suka taka rairayin kamar ba komai. Suka shiga ruwa, Kawu ya juya su a hankali har gindin amalanken ya fuskanci tsakiyar gulbi. Ruwan ya hau ƙafafunta, ya rufe idon sawu. Ba kowa sai mu uku da wasu balbelu a tsallake. Rana na wasa a kan ruwa, haskenta na rawa a fuskar Yaya, ita kuwa ta lumshe ido. Ina tsaye a ruwa har gwiwa, na ma manta da abin da ke jikin shaddata. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, shanun ma sun daina motsi.

Can sai ta zabura, ta ƙyalƙyale da wata dariya da ban taɓa ji a bakinta ba, dariyar ƴar shekara shida.

"Kifi, Auta! Suna tsinkata! Wallahi ina ji!"

Ni dai na sunkuya kamar ina wanke fuska, don kada Kawu ya ga hawayena.

Na yi sati biyu ina saƙa wa maƙwabta sabuwar zana da hannuna, yatsuna duk suka yi kanta. Yaya kuwa, duk Asabar in akwai ruwa a gulbi, tana bin amalanken Kawu, har da wasu mata biyu masu keke irin nata da ta gayyato da bakinta. Ni ba a gayyatata, sai in an rasa mai riƙe igiya. Yanzu in alheri ya taso mini, kafin in auna gangare ko in goge shadda, nakan je wurin mai shi in zauna in tambaya. Kwanan baya na ce wa Yaya ina tunanin yi mata ƴar rumfa a kan keke saboda rana, ko tana so? Ta ci gaba da kitsonta ta ce tana so, amma in yi ta da abin da shanu ba su ci.