Na Je Neman Ruwa Na Dawo da Ƙaguwa

Yau da safe, jama'a, ƙaguwa ta cije ni. Ba a bakin teku ba, a tsakar gidana, a cikin bokitina. Na zura hannu ne zan ɗebi ɗan ruwan wanke fuska, sai ta cafke min yatsa ta ƙi saki. Na kwarma ihu, Maman yara ta leƙo daga kicin ta ce, "Madalla. Ka ga, ita ta san yadda ake kare ruwanta." To ku gyara zama ku ji yadda ƙaguwa ta zama 'yar gida a wurin mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.

Famfon layinmu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa har ya aurar da 'ya'ya a ciki, yaran da aka haifa kwanan nan kuwa sun ɗauka ƙarfen ɗaure igiyar shanya ne. Abin da ya rage mana shi ne wata tsohuwar tankar ruwa mai lotsattsiyar ƙofa, wadda kan leƙo mu duk ranar da direbanta ya tuna da mu. Mata su fito da jarkoki a guje, a yi ture-ture, kowa ya samu abin da ya samu. Da babu gara ba daɗi.

Ana nan sai ga labari: Mai Girma Babban Uban Famfunan da Ba Sa Zuba zai yi taron jin koken jama'a, kuma yana son mutum ɗaya daga layinmu. Ni da na ɗauka a gindin famfon za a yi taron, ashe a sabon gidan cin abincin nan ne na mutanen Asiya, inda ake dafa kayan teku. Ai kuwa da gaskiyarsu. Wa zai iya jin koken ƙishirwa da yunwa a cikinsa?

Maƙwabta suka taru a ƙofar shagon Tela suka ce ni zan je, wai ni ne mai baki, kuma ni kaɗai ne rigata ke da cikakkun maɓallai.

Tela ya kama kafaɗata ya ce, "Maƙwabci, magana ɗaya ce tak: a gyara famfo. Kada ka ga abinci ka manta sunan layinmu."

Maman yara kuwa ba ta yi doguwar huɗuba ba. Ta ce, "Baban yara, bayana ya gaji da jarka. In ka dawo ba ruwa, daga yau kai za ka riƙa ɗebowa."

Na ce ta sa ido ta gani. Mai nema yana tare da samu.

Da rana tsaka na isa. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta tun ban yi sallama ba, sanyi ya mare ni, ga jajayen fitilu suna reto a sama. Amma duk ba wannan ya kashe min baki ba. A jikin bango akwai wani akwatin gilashi mai tsawon motar haya, cike taf da ruwa, garau, kana hango ƙasansa. Kifaye na yawo a ciki, ƙaguwa na tafiyarta ta gefe, ga wasu ƙattin jatan lande masu gashin baki da almakashi. Daga sama kuma wani bututu yana ta zuba, shaaa, ba tsayawa, ba layi, ba mai cewa jarkarsa ce a gaba. Wallahi sai da idona ya kawo ƙwalla. Na manta rabon da in ji wannan ƙara.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya gaya min, shi ne ƙa'idar gidan. A wurinsu ba sai ka faɗi abin da za ka ci ba. Kana zuwa gaban akwatin ka nuna da yatsa, shi ke nan, an kamo an kai wuta. Shi ya sa wani dattijo mai farar riga yake tsaye a gefe da 'yar komar kamun kifi a hannu yana ta min murmushi. Ni kuwa na ɗauka fara'a ce kawai irin ta mutanen kirki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Aka zaunar da ni a wani teburi mai da'ira, da faifan gilashi a tsakiya wanda ake juyawa abinci ya zagayo. Sai da cikina ya fara kiran ciroma sannan Yallaɓai ya iso da tawagarsa. Mai riƙe masa jaka ya raɗa min a kunne, "Ba a magana sai ya ci, kuma ba a magana yana ci."

Na ce, "To yaushe ake yi?"

Ya ce, "Za ka gani."

Aka kawo shinkafa da taliya da wata halitta mai hannu takwas da aka yayyanka, aka miƙa wa kowa tsinke biyu a madadin cokali. A nan ne na ga amfanin tafiye-tafiyen manyanmu. Kun tuna lokacin da Yallaɓai ya kwashi tawaga zuwa ƙetare don koyon yadda ake gyaran famfo? Masu baƙin ciki suka ce ba abin da ya koyo. Ƙarya suke! Da idona na ga bawan Allah ya ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya da tsinke biyu ya kai baki, ko girgiza hannunsa bai yi ba. Dukiyar jama'a ba ta tafi a banza ba.

Ni kuwa tsinkena ɗaya ya faɗa miya, ɗayan ya tsallake ya sauka a cinyar mai riƙe jaka. Kuma duk sanda farantin jatan lande ya doso gabana, ina miƙa hannu sai wani babba ya juya faifan, ya wuce ni ina kallo. Ban ji haushi sosai ba. Haka alkawari ke yi mana kowace shekara, na saba.

Can Yallaɓai ya goge baki ya ce, "Ina wakilin talakawa? Faɗi abin da kuke so."

Na tuna bayan Maman yara. Na ce a raina, gani ya kori ji, bari in nuna masa ƙiri-ƙiri. Na miƙe na je gaban akwatin, na ɗaga yatsa na nuna bututun nan mai zuba.

"Ranka ya daɗe, wannan muke so!"

Fit! Dattijo ya jefa koma, ya fito da wani ƙaton kifi da ke hutawa a ƙarƙashin bututun, aka ruga da shi kicin.

Na ce, "A'a, Baba, ba shi ba. Wancan, na sama!"

Ya sake jefawa, ya kamo mai gashin baki da almakashi, yana gyaɗa min kai alamar na iya zaɓe.

Na fara gumi cikin sanyin nan. Na ce bari in yi bayani yadda kowa zai gane. Na ware hannu biyu na shafo akwatin tun daga wannan kusurwa har waccan. "Duk wannan, ranka ya daɗe! Gaba ɗayansa layinmu ke buƙata, safe da yamma!"

Dattijo ya zaro ido, ya ƙwala kira da harshensu, sai ga masu dafa abinci sun fito da manyan robobi. Kafin in rufe baki sun kwashe akwatin tas, sai ruwan da na zo nema ne kaɗai suka bari.

Tafi ya ɓarke. Yallaɓai ya miƙe yana dariya har tumbinsa na taɓa faifan. Ya ce, "Kun gani ko? A ce wai talaka na wahala! Ga shi nan yana zaɓen abinci da hannu biyu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne ba mu da shi, ruwa..."

Ya ce, "A ba shi ruwa!"

Nan take aka danƙa min gora mai sanyi. A tarihin ofishinsa ba a taɓa share koke da sauri haka ba, shi ma ya faɗa. Mai hoto ya haska ni a daidai lokacin: ga ni tsaye gaban akwati cike da ruwa, gora a hannu, baki buɗe kamar mai waƙar godiya.

Sauran zancen na ci ne. Farantai suka yi ta fitowa har faifan ya kasa juyawa, kuma karon farko abinci ya tsaya a gabana. Na ajiye tsinke na sa hannun da Allah ya ba ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, mutanen nan sun iya girki, yajinsu ma na daban ne. Ina cikin fama da ƙafar ƙaguwa na ɗaga kai, Yallaɓai ya tafi wani taron jin koke a gidan abinci na gaba.

Ta ƙofar baya aka fitar da ni, wai ta gaba ta manya ce. Me zan gani? Tankarmu! Ita ce, da lotsattsiyar ƙofarta, an zura mata tiyo ta taga tana ɗura wa akwatin gilashi.

Na ce wa direban, "Haba Direba, ashe nan kake kwana biyu?"

Ya ce, "Nan kullum ne, umarni ne daga sama. Kifi ba ya iya jira. Ku kuwa kun saba."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga dattijo mai koma ya biyo ni da leda. Ya ce ƙaguwa ɗaya ce ta rage, tukwane sun cika, kuma a ƙa'idarsu abin da baƙo ya nuna ba ya komawa akwati. Ya miƙa min da hannu biyu har da rusunawa. Mutum mai mutunci irin wannan, ina zan iya ce masa a'a?

Da na shigo layi Tela ya taso da tsumma a wuya. "Maƙwabci, yaya? Me ka samo mana?"

Na ɗaga leda. Ƙaguwa ta motsa ƙafa.

Ya juya ya koma kan keken ɗinkinsa.

Ba a yi nisa ba aka kafa ƙaton allo a bakin layinmu, da hotona a jiki, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwa ya wadata a wannan unguwa. Tunda kuwa ya wadata, sai aka cire mu daga hanyar tanka gaba ɗaya. Garin neman gira mun rasa ido. Yanzu kullum ni ne da jarka biyu zuwa unguwar gaba, ina bi ta ƙarƙashin hotona kaina a sunkuye, matan layi suna gaishe ni, "Sannu da wadata, Wakili."

Na so a dafa ƙaguwar a huta, Maman yara ta hana. Ta ce a duk gidan nan ita kaɗai ce danginta ke da hanya a wurin manya, ba za a taɓa ta ba. Kowace safiya takan fitar da bokitin ƙofar gida ta ajiye inda direba zai iya hangowa daga titi.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, in wani ya karanta maka wannan tsakanin taro da taro: mu mun janye kokenmu, mutane ne, mun saba. Amma a layinmu yanzu akwai ƙaguwa guda, baiwar Allah, kuma ruwanta ya kusa ƙarewa. A taimaka a aiko mata da tanka. In ta yi wanka ta rage, ma lallaɓa da sauran.