Baƙon da ba a ba wa ruwa

Jama'a, duk wanda ya ga wani dattijo yau da hantsi yana ratsa kasuwar Magariya da tukunyar fure a ka, gumi na bin gemunsa, kada ya ce sabon kamu ne. Ni ne, kuma da hankalina. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni isansi, wato fetur, ya ƙare masa daidai rumfar masu tattasai, ya hangi layin gidan mai ya ga ba shi da ƙarshe, sai ya ba ni haƙuri ya sauke ni. Na ɗora kayana na taka da ƙafa. Wata mai yakuwa har tare ni ta yi tana tambaya ko ganyen na miya ne, na ce mata wannan ya fi ƙarfin tukunyarta, na manya ne.

Bari in ba ku labarin yadda na zama ɗan dakon fure. Famfon unguwarmu ya mutu tun bara. Mata da tsofaffi sai sun kai bayan gari da bido, wato jarkar ruwa, a ka kafin a ɗora tukunya. Da yake ni ne mai bakin unguwa, kuma na yi ritaya ba aikin fari ba na baƙi, aka wakilta ni in je wani biro, wato ofishin gwamnati, da ba zan kama sunansa ba, saboda ina da iyali. Na yi ta sintiri har gardin ƙofa ya haddace takalmina.

Ana cikin kaka Allah ya haɗa ni da shugaban biron, Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Na same shi yana shirin doguwar misiyo, wato tafiyar aiki, zuwa wata ƙasa mai nisa, inda za a zauna a otal mai tafkin wanka a koyi yadda ake kai wa talaka ruwa. Ina zuba masa kukanmu, idonsa na kan wata shuka a kusurwar biro, mai dogayen ganye kore shar, sun baje hagu da dama kamar mafici. Damuwarsa ita ce in ya tafi ba za a riƙa kunna injin sanyi ba, zafi zai kashe ta. Sai ya katse ni ya tambaya ko ina da ɗakin ƙasa mai sanyi. Na ce ai shi kaɗai nake da shi.

"Malam Yakuba, riƙe mini amanar nan," in ji shi. "Ranar da na dawo na tarar ta yi fure, ka ɗauka famfonku ya tashi."

Madam Nafi, sakatarensa, ita ta karanta mini dokokin baƙuwar. Sunan shukar kilibiya, a jirgin sama aka kawo ta. Ba ta son rana ta taɓa ta, hasken taga ya ishe ta. Kada in sauya mata tukunya ko da na ga saiwa ta cika ta, matsin take so. In riƙa goge ganyen da ɗanyen tsumma, in kuma tsare ta daga akuya da yara don tana da dafi. Babbar dokar kuwa, da zarar ɗari ya shigo in kai ta ɗakin da ya fi sanyi in hana ta ruwa, sai na ga karan fure ya leƙo. In na shayar da ita a lokacin, saiwar za ta ruɓe, ko ta yi ta ganye babu fure. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, hana ruwa mu za a tambaya.

Ashe ban san mutanena ba. Kafin in sauke tukunyar labari ya gama unguwa, aka yi ta sallama ana zuwa gaida baƙuwar da famfo ke hannunta. To mu nan, baƙo ruwa ake fara miƙa masa kafin a tambayi sunansa. Inna Daso, tsohuwar da ke bayan gidana, wadda ƙafarta ke ciwo amma kullum sai ta je ɗiba, ita ta fara shigowa da moɗa cike. Na tare ta na yi mata bayani dalla-dalla. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yakuba, ni na ga haihuwarka," ta ce. "Tun da nake ban taɓa jin gidan mutunci da aka hana baƙo ruwa ba. Baƙonka annabinka. Kauce."

Na kauce, don ba a jayayya da wadda ta goya ka.

Maƙwabcina Malam Ɗanliti, wanda ya tsufa yana noman gero a Bande, ya rantse bai taɓa ganin shukar da ƙishirwa ta sa ta fure ba, wannan ƙaryar 'yan boko ce. Daga nan sai magana ta sauya. Wasu suka ce rowa ce ke damuna, wasu suka ce ba na son a gyara famfon don surukina na sayar da ruwa a amalanke. Da na fita masallaci ko kasuwa sai wani ya yi sallama ya zuba kofi guda, Habsatu matata kuwa ba ta iya hana babba. Akwai wanda ya kawo ruwan tofi, akwai mai kashin awaki. Wata baiwar Allah ta ji tausayin baƙuwa na jin sanyi, ta fitar da ita tsakar gida ta sha hantsi, ganye biyu suka ƙone.

Dariya ce yanzu, amma a lokacin abin ya ƙona mini rai. Ruwan nan a ka aka ɗauko shi daga bayan gari. Mutum zai rage na shansa da na alwalarsa ya kawo wa furen Mai Girma, don dai ya ga ranar da famfo zai zubo. Kowa da zuciya ɗaya yake kashe abin da muke dogara da shi.

Ba a jima ba ganye ya fara rawaya, gindin ya soma wari. Na juye tukunyar na ga saiwoyi masu kauri kamar yatsu, rabi sun yi luguf. Na yanke ruɓaɓɓun, na zuba busasshiyar ƙasa mai yashi, na mayar da ita matsattsiyar tukunyarta. Na kai ta ɗakin ajiya mai 'yar taga ta arewa, na danna kwaɗo na jefa mabuɗi a aljihu. Unguwa ta daina amsa gaisuwata. Inna Daso takan zo ta tsaya bakin ƙofar tana ba baƙuwa haƙuri, tana gaya mata ba duk mutanen Magariya ne haka ba.

Ɗari na fara sassautawa sai ga kara ya leƙo daga tsakiyar ganye. Na soma ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan, ta buɗe wani dunƙulen fure ja-ja kamar garwashi, mai kyau har ni da nake jin haushinta na tsaya kallo. Mata suka rangaɗa guɗa. Malam Ɗanliti ya ce dama shi ya san za a rina, tofinsa ne ya yi aiki a hankali, ya ɗauki fartanya ya share ciyawar gindin famfo. Jiya muka ji Mai Girma ya sauka, shi ne na yi sammakon da kuka gani.

Na same shi ya yi ƙiba ya yi haske, alamar karatun ruwa ya karɓe shi. Da ya ga furen sai da ya miƙe tsaye, ya ɗauki hoto ta gaba da ta baya. Ya ce tun da aka kawo ta ba ta taɓa fure ba, don a biro kowane ma'aikaci sai ya zuba mata ruwa daidai lokacin da maigida ke kallo. Sai ya tambaye ni sirrin.

Da ina da wayo sai in ce addu'a ce. Amma an ce baki shi ke yanka wuya. Na gyara zama na zayyana masa komai: a matse ta a ƙaramar tukunya, a sa ta a lungu, a kulle ƙofa, a hana ta ruwa, kuma duk kukan da za a yi kada a saurara.

Mai Girma ya kaɗa kai. Ya juya ya ce wa Madam Nafi abin da ya ji yanzu ya fi duk abin da aka koya musu a otal. Ni kuma na yi gyaran murya na tuna masa maganar famfo, tunda alkawari kaya ne.

"Malam Yakuba, ka dubi unguwarku da idon basira," in ji shi. "Tun da famfon nan ya tsaya kun haɗa kai, kun san juna, har kun fitar da wakili. Sai an sha wuya akan sha daɗi. Ina tsoron in yi gaggawar sako muku ruwa in ruɓar da saiwarku."

Ya yi alkawarin kafa kwamitin da zai riƙa leƙo mu ta taga, da zarar an ga karan furenmu ya fito za a fara ɗiga mana kaɗan-kaɗan. Na tambayi yaushe talaka ke fure. Sai na ga ya ɗaga ido ya dubi kalanda, can wajen watan zaɓe. Ya ba ni hannu mai laushi, gardi ya raka ni ƙofa.

Ga ni nan a teburin mai shayi nake rubuta muku wannan, na kasa ƙarasawa gida. An aiko mini cewa Inna Daso ta wanke bidonta tun safe, ta kafa shi a bakin famfo don ta riga kowa layi, tana zaune a kansa tana jirana. Duk wanda ya san yadda ake gaya wa tsohuwa cewa don kada saiwarta ta ruɓe aka hana ta ruwa, don Allah ya same ni nan kafin la'asar.