Ranar da Na Je Ceton Sahabi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je makarantar Boɗinga ban haƙuri. Zamanin farar hula ne, shekarun da shinkafa da sabulu suka zama sai mai hanya. Ni ke riƙon jikana Sahabi, maraya, ɗan aji shida, ba ni da buri sai ya samu shiga sakandare.

Ana nan, sai yaro ya daina dawowa da azahar, sai bayan la'asar. Na tambaye shi, ya ce, "Malam Ladan ka tsare mu, Inna." A sanina ba a tsare yaro bayan an tashi sai mai laifi, kuma na san laifin. Shi ya bar ƙofar lambun makaranta buɗe, awakinmu suka cinye albasar hedimasta tas. Na ce shi ke nan, kora ta zo.

Na dama fura cikin babbar ƙwarya, na ƙulla goro, na kama hanya. Na tuɓe takalma ƙofar aji, na durƙusa gaban allo.

"Allah shi gafarta Malam, roƙon arziki ni zo. Albasa dai awakina sunka ci ta, yaron ga yab buɗe musu. A buge shi, kar a kore shi."

Malam ya tsaya da alli a hannu. "Inna, wane ni ki durƙusa mini? Waɗanga su ne masu ƙoƙarin aji. Iyaye da malamai sunka zauna, sunka ce a ƙara musu darasin yamma saboda jarrabawa." (An kira ni taron nan kuwa, na tafi bikin suna Sifawa.) Ya danne dariya ya ce, "Amma mun gode, tuni muke neman mai albasa."

Aji ya kwashe da dariya gaba ɗaya. Daga ƙarƙashin benci na ji Sahabi yana cewa, "Inna, kin kashe ni!" Ni ko na rasa inda zan sa fuskata, ga ƙafa ta ƙi miƙewa, sai da Malam ya sa yara suka kama ni.

Ƙwaryar ce ta rufa mini asiri. Ashe yaran tun kalacin safe ba su sa komai a baki ba, suka shanye fura har da suɗe ludayi. Tun ranar na ɗauki alkawarin furar yamma, ban fasa ba har aka yi jarrabawa. Sahabi ya sha ban-ruwan sabuwar albasa, amma sunansa ya fito, ya tafi Sakkwato, kuma duk wanda ya ci tare da shi ya san ɗanɗanon furata.

Har yau Inna Mai Albasa suke ce mini, ina amsawa da murna. Sai dai yanzu in na je ban haƙuri, nakan bari a fara gaya mini laifin.