Jawabin Dakta Ɗalhatu Kan Kuɗin Haya

Duk wanda ya zauna a unguwar Abu Hail ta Dubai bai san Dakta Ɗalhatu ba, to wucewa kawai ya yi. Ba ya duba marar lafiya, bai taɓa koyarwa a jami'a ba. Daktancin nasa baiwa ce, ranar da ya sayi tabarau ta sauko masa. Mutane na kiransa Gwamnan Deira, wato yankin nasu, shi kuwa yakan amsa da ɗaga hannu.

Ɗan hutu kawai ya je yi a Amurka, ya dawo masanin harkar gidaje. A can ya ji wai gwamnati na ba mai ƙaramin ƙarfi takardar tallafi: ya biya abin da zai iya na haya, hukuma ta cika wa mai gida sauran. Abin ya ƙona masa rai, domin shi mutum ne mai kishin aljihun gwamnatin da ba tasa ba.

Ana nan aka ƙara wa Mahfuza haya. Ma'aikaciyar shago ce, mijinta ya rasu, ga yara biyu, mai gida ya ce ta biya ko ta kwashe kayanta. Ƙungiyar 'yan Arewa ta kira taro. Abednego mai gyaran lantarki ya kawo shawarar su kwaikwayi tsarin nan na Amurka, kowa ya riƙa sa ɗan abin da ya samu a cika mata hayar.

Dakta ya miƙe, ya gyara babbar riga.

"Jama'a, na yi nazari mai zurfi. Tallafi lalaci yake koyarwa. Dubai ba wurin kwanciya ba ce! Ku dube ni. Wa ya taɓa biya mini haya?"

Mahfuza ta sunkuyar da kai. Sai wayar Dakta ta yi ƙara.

"Daga ofis ne," in ji shi, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji yadda manya ke neman shawararsa.

Zaituna ce, matarsa, ma'aikaciyar jinya.

"Baban Kamila, asibiti sun ce daga watan gobe sun daina biya mana kuɗin gida. Khalas, shi ke nan. Kana wajen taron? Don Allah ka roƙe su su sa mu bayan Mahfuza."

Dakta ya yi ta laluben inda ake kashe waya. Abednego ya taimaka masa, sannan ya tambaya cikin ladabi:

"Ranka ya daɗe, a ci gaba da jawabin, ko a fara da kai?"