Alhaji Nadabo da Kujerar Baya

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya yi wa baiwar natsuwa da sanin ya-kamata, ina roƙon ka gyara zama, ka ajiye wayar nan da ta hana 'yan zamani sauraron manya, ka ba ni aron hankalinka. Ni da aka koya wa rubutu da alƙalami da tawada ba na ɓata takarda a kan shirme. Abin da zan ba ka darasi ne.

Akwai wani matashi a unguwarmu, Tanimu, da ya sayi wata 'yar mota mai rufin tamfol, irin wanda ake naɗewa a sha iska. Da ƙafafun gaba take ja. Maimakon ya gode wa Allah, sai ya ce ba ta gudu, ya sa bakanike ya cire injinta ya cusa mata na tifa. Gudu kam ya samu. Sai dai nauyi duk ya taru a gaba: da ya taka birki, sai bayanta ya ɗaga sama kamar jaki zai yi harbi.

Ana haka sai Tanimu ya tsiri zuwa gidan surukinsa, Alhaji Nadabo, dattijo mai cikar kamala da cikar jiki, wanda tela kan yi addu'a kafin ya auna shi. Kullum da la'asar ya durƙusa ya ce, "Baba, a fito a sha iska." Alhaji ya hakimce a tsakiyar kujerar baya yana ɗaga wa jama'a hannu. A majalisa kuwa ya ishi kowa da cewa duk garin nan ba wanda ya yi sa'ar suruki kamarsa.

Wata rana ciwon ƙafa ya hana shi fita. Yana zaune a ƙofar gida, sai ga motar ta wuce a natse, babu tsalle. A mazauninsa kuwa buhunan masara ne, an ɗaure su da bel. 'Yan majalisa suka miƙe tsaye suka ɗaga wa buhunan hannu: "Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya!"

Nan Alhaji ya gane ashe ba girmama shi ake yi ba, bayan mota yake dannewa.

Da yake ni ne dattijon unguwa, gabana aka kawo maganar.

Alhaji ya ce, "Tanimu, na ba ka 'yata, ashe a wurinka da ni da buhu biyu duk ɗaya ne?"

Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, wane ni in raina ka haka! Uku ne. Na gwada biyu, wallahi ba su kamo ƙafarka ba."

Alhaji ya juyo gare ni. "Malam, ka ji ko? Yanzu da wane ido zan kalli majalisa? A hukunta shi, a mayar mini da matsayina!"

Na gyara tabarau na ce, "Za a mayar. Tanimu, na ci ka tarar buhunan nan uku, ka kai su gidan Alhaji yau. In ya gama cinye su ya hau motar, duk za su koma kujerarsu a cikin tumbinsa."