Barau Direba da Ɗan Kan Jirginsa

Wani mutum ne aka yi a unguwarmu a Yawuri, ana ce masa Barau Direba. Tun da wuri bari in nemi afuwa, don wani ɓangare na labarin nan ya zube mini a hanya. Shekarar ta ɓace mini. Na kuma manta ko a gindin tsamiya muke zama ko a gindin ɗorawa, na dai tuna itacen yakan zubo mana da ganye a cikin shayi. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Barau ya yi shekara ashirin da bakwai yana aikin reluwe a Kafanchan, sannan ya dawo gida da akwati ɗaya da labari buhu goma. Ya ce shi direban kan jirgi ne, irin ƙaramin nan na shantin, wanda ba ya zuwa ko'ina sai kai da kawowa a cikin tasha, yana haɗa taragu yana raba su. Mu kuwa mutanen bakin kogi ne, kwalekwale muka sani. Duk majalisarmu babu wanda ya taɓa taka layin dogo. Kome ya faɗa sai mu ce, "Ikon Allah!"

"Tarago arba'in nake turawa da baya," in ji shi, "ina ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya."

Washegari sai su zama sittin. Ranar da ya ci ya ƙoshi, har ɗari suna kaiwa.

Albarkacin wannan baki ya samu abu uku: sunan Direba, da kujera mai matashi wadda ita kaɗai ce a majalisa, da kofin shayi na farko. Mu sauran tabarma ce tamu. Ni da na yi shekara talatin ina koyar da yara, ba a taɓa ce mini hau kujerar nan ba, ban kuma ji haushi ba. Alli na riƙe, shi kuwa jirgi.

Ana nan sai 'yarsa Asabe, wadda ke aikin asibiti, ta je kwas ƙasar waje ta kawo masa tsaraba. Ɗan kan jirgi ne na wasa, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, da taragu uku da layinsa mai zagaye, yana aiki da batir. A wuri ɗaya layin ya yi reshe, ɗan gajere wanda bai kai ko'ina ba, da wani ɗan ƙarfe a tsaye a gefensa. Ta ce, "Baba, ga irin naka na gani, na ce sai na kawo maka."

Barau ya kawo shi majalisa. Ya juya shi, ya shinshina, ya taɓe baki.

"Turawa sun yi ƙoƙari," ya ce, "amma da gani wanda ya ƙera wannan bai taɓa shiga jirgi ba. Dubi yadda yake ƙyalli kamar kwanon amarya! Ku ba ni Juma'a uku. Zan mai da shi na gaske, ku ga abin da na tuƙa da idonku."

Daga ranar gidan Barau ya zama maƙera. Na leƙa sau ɗaya, ko sau biyu, na tarar da shi a zaure da tabarau a kan hanci. Ya kankaro baƙin tukunya ya shafe jirgin. Ya jiƙa tsofaffin ƙusoshi a gwangwani, yana ɗiga ruwan tsatsa da gashin kaza. Ya ɗauki allura yana yi wa gefen jirgin 'yan zane-zane ɗaya bayan ɗaya. Ya huda bututun hayaƙin ya cusa guntun maganin sauro. Har ɗan mutum ya sassaƙa da ɓargon kara, ya ɗora masa hula irin tasa, ya zaunar da shi a ɗakin direba.

Matarsa Tabawa ta ɗaga labule.

"Malam, ina kwallina?"

"Yana bakin aiki."

"Rariyar shayina fa?"

"Ta zama taga."

"To maɓallin rigar Sallarka da na ajiye zan ɗinka?"

"Tabawa, ke dai ki jira Juma'a. Mata ba su san injin ba."

"Ni dai na san tukunya," ta ce, "kuma tawa ka kankare har ta fara yoyo."

A cikin makonnin nan ne wani baƙo ya fara zama da mu, Malam Jatau. Tsoho ne siriri, ya zo jinyar ƙafa wurin ɗansa. Ba shi da magana. Yakan zauna a bakin tabarma, ya karɓi kofin ƙarshe, wanda rabinsa ganye ne, ya yi godiya. Babu wanda ya tambaye shi aikin da ya yi a duniya, kuma wannan laifinmu ne.

Juma'a ta uku bayan an sauko daga masallaci, unguwa ta taru. Aka fito da tebur aka shimfiɗa layi. Tabawa ta aiko da ƙwaryar kunun zaƙi don baƙi, aka ajiye a ƙasa a gindin teburin saboda inuwa. Barau ya fito da babbar riga wadda babu maɓalli a wuyanta, da usur a baki. Ya ƙyasta ashana ya kunna maganin sauro. Fiiit! Ya danna batir.

Cuku-cuku-cuku, ɗan jirgi ya kama hanya, baƙi ƙirin, hayaƙi na tashi. Jama'a suka ɗauki kabbara. Sauro ma ya watse.

"Haka yake!" in ji Barau. "Haka na bar shi!"

Sai Malam Jatau ya miƙe da sandarsa ya matso. Ya nemi izini a tsayar da jirgin. Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa.

"Ma sha Allah," ya ce a hankali. "Tsatsar nan a wurinta take. Nan ne ruwa ke zuba. Baƙin nan ma haka yake kwanciya. Wanda ya yi wannan ya daɗe yana kallon kan jirgi."

Barau ya gyara zama a kujera. "Kun ji ko? Baƙo ma ya shaida."

"Amma ɗaya gefen ba a taɓa shi sosai ba," in ji Malam Jatau.

"Lokaci ne ya ƙure."

Malam Jatau ya leƙa ta 'yar tagar. A gaban ɗan mutumin kara akwai maɓallin rigar Sallah, an soke shi a kan tsinke.

"Direba, wannan fa?"

"Sitiyari mana."

Ni ina kusa da shi, na ga tsohon ya haɗiye maganar da ta zo masa baki. Mutumin kirki ne, sai ya buɗe wa Barau ƙofar fita.

"Ko dai birkin hannu kake nufi? Wani yakan zo da zagaye haka."

"Wane irin birki! Malam, in ba ka san abu ba ka tambaya. Sitiyari ne. Turawan nan mantawa suka yi ba su sa ba. In babu shi, da me zan karkata jirgi in na zo mararraba? Shekara ashirin da bakwai ina murza shi, dubi kantar hannuna!"

Muka duba. Akwai kanta kuwa. Muka ce, "Gaskiya ne, ko kwalekwale sai an juya shi."

"To," in ji Malam Jatau, "nuna mana yadda ake yi."

Barau ya zura tsinken sakace ta taga ya murza maɓallin. "Na karya shi dama. Ku zuba ido, dama zai bi." Dama ita ce hanyar zagaye, wadda jirgin ke bi kullum tun da aka kawo shi.

Fiiit! Jirgi ya taso. Yana dab da mararraba sai Malam Jatau ya sa ɗan yatsa ya ture ɗan ƙarfen nan na gefen layi. Ƙyas!

Jirgi ya yi hagu.

"Kai! Kai! Dama na ce!" Barau ya daka wa ɗan mutumin kara tsawa. "Dama, ɗan banza!"

Ina! Jirgi ya bi gajeren reshe, reshe ya ƙare a bakin tebur. Tsulum! Kai da taragu uku suka faɗa ƙwaryar kunu. Maganin sauro ya ce cuuu. Hular direba ta taso sama tana yawo, maɓalli na biye da ita.



"Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, jama'a," in ji Malam Jatau, kamar mai ba da haƙuri. "Layi ne ke juya shi. Mutum ne a ƙasa yake ture ƙarfe irin wannan, direba ya bi inda aka buɗe masa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙi tsakanin Zariya da Minna, tara daga ciki a shantin."

Barau ya buɗe baki. "A Kafanchan namu daban ne..."

Daga bayan katanga muryar Tabawa ta taso: "Malam, in an gama tuƙin a tsamo mini maɓallina!"

Dariyar da aka yi ranar, har masu wanki a bakin kogi sai da suka aiko tambaya. Ban tuna wanda ya janye kujerar ba. Na dai tuna washegari Malam Jatau ne a kanta, yana ta cewa a bari, Barau kuma yana bakin tabarma da kofin ganye. Sunan Direba ya faɗi. Daga ranar Barau Sitiyari ake ce masa, har jikokinsa.

Bayan wasu shekaru ta'aziyya ta kai ni Kafanchan, na yi tambaya wurin tsofaffin ma'aikata biyu, maganarsu ta zo ɗaya. Barau ya yi aikin reluwe shekara ashirin da bakwai cif, bai ƙara ko kwana ɗaya ba. Shara yake kwashewa a gidajen ma'aikata, ta bayan wayar shingen tasha yake hango gefe ɗaya na kan jirgin. Tuƙi kuma ya yi shi, kantar hannunsa ta gaskiya ce. Baro ya tuƙa. Na sa aka nuna mini irinsa na duba da kyau, shi ma ba shi da sitiyari.