A Faɗa Mini Sunan Mai Raken da Zai Auri 'Yata

Zuwa ga Mai Girma, Yallaɓai Shugaban Sashen 'Yan Sandan Farin Kaya da ba a faɗin sunansa, a ofishin da ba a faɗin inda yake, wanda duk mai adaidaita sahu ya san hanyarsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, idan doka ta yarda a ce kana da iyali. Ni ne Babagana Umar, mai wankin hula a Kabara. Na rubuto a jarida ne saboda takardar da na kai ofishinku an ƙi karɓa, wai karɓarta zai nuna akwai ofishin. Buƙatata ɗaya ce tak: ina son sanin sunan yaronku da ke neman auren 'yata Sa'ida. An sa rana bayan ƙaramar Sallah, kuma wallahi idan ban samu sunan nan ba, ba zan iya bayar da ita ba. Ita kuwa shi take so.

Bari in tuna maka yadda aka yi, ko da yake na san za ka ce ba ka sani ba. Bara, lokacin da masu ƙwacen waya suka addabi lungunmu, sai ga wani saurayi ya turo baro cike da rake ya kafa a bakin lungun. Riga ce koɗaɗɗiya a jikinsa, amma baƙin takalminsa sai ƙyalli yake, har kana iya ganin fuskarka a ciki. Bai iya fere rake ba, rabin sandar a ƙasa take ƙarewa. Ranar da Mai Unguwa ya zo wucewa, yaron nan ya miƙe zumbur ya ƙame ya sara masa da wuƙar raken a hannu. Wani lokacin kana tsaye kana ciniki sai ka ji oba-oba tana magana daga ƙarƙashin ɓawo, shi kuma sai ya hau tari don ya rufe muryar. Mu ma sai mu taya shi tarin, don kada ya ji kunya.

Kada hankalinka ya tashi cewa na tona asiri, Yallaɓai. A unguwar nan ku kaɗai ne ba ku san mun sani ba. Matan aure ma idan za su yi aike cewa suke a sayo musu raken ɗan sanda. Masu ƙwacen wayar ne suka fara gane shi, shi ya sa suka bar mana lungun, kuma a kan wannan mun gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu ga koke-kokena.

Na ɗaya. Sa'ida malamar firamare ce, kuma tun tana ƙarama ba ta shan rake, wai yana maƙale mata a haƙori. Kwatsam sai ta fara shigowa da ƙullin rake kullum, har kiyashi suka tare a gidana. Da yaron ya fara zuwa zance na sa aka kira shi zaure na tambayi sunansa. Ya ce Abdulbaqi. Mai shayin bakin titi ya rantse shi Tajuddeen ya ce masa, liman kuma da Ɗayyabu ya san shi. Da na matsa masa sai idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce ya yi rantsuwa, sai oga ya ba da izini. Na ji tausayinsa ƙwarai. To kai ne ogan, ranka ya daɗe, ko kai ma kana da naka ogan da ya ɓoye maka sunanka?

Na biyu, maganar magabata. Na ce ya turo manyansa, sai ga mutum uku da goro da alawa, askinsu iri ɗaya, takalminsu iri ɗaya. Wanda aka ce baffansa ne, a ido ma yaron ya girme shi. Wanda aka ce kawu ne kuwa, babu wanda ya zauna sai da ya zauna. Na tambayi asalinsu, suka ce daga wani gari. Na ce wane gari? Suka ce yana nan a cikin ƙasar nan. Amma tsaron ƙasa bai hana su cinye dambun naman da ƙanwata Inna Kulu ta yini tana dakawa ba, har baffa ya tambaya ko akwai leda.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ka san al'ada, ba a ba mutum 'ya sai an yi bincike a kansa. Na tura ƙanena Abdulmalik ya bi yaron a baya bayan ya tashi daga rake, ya gano mana inda yake kwana. Abdulmalik dattijo ne mai ciwon gwiwa, da sanda yake tafiya. Bai kai bakin titi ba aka tare shi aka sa shi a mota, wai an ga yana bibiyar wani mai rake da babu ruwan hukuma da shi. To idan babu ruwanku da shi, me ya kawo motar? Sai da ya yini a wurinku yana amsa tambayoyi. Yanzu kun san kakanmu daga Borno ya zo da jakin littattafai, kun san wanda ya yi wa Sa'ida huɗuba, kun san akuyata tana ɗingishi. Mu da za mu bayar da 'ya, mu aka yi wa binciken aure! An kuma aiko mana da albishir cewa an same mu mutanen kirki, yaron zai iya aure a gidanmu. Madalla, mun gode da wannan karamci.

Na huɗu. Na sa babbar rigata da hular da nake ji da ita na zo ofishinku da kaina. Jami'in da ke kan kanta ya saurare ni da ladabi, ya ce maganar ta shafi tsaron ƙasa, don haka ba zai ce yaron nasu ne ba, ba kuma zai ce ba nasu ba ne. A bangon bayansa kuwa ga hoton gwarzon ma'aikaci an liƙe idanunsa da baƙar takarda, amma an bar kunnuwan. Yallaɓai, kunnuwan mai raken nan ko a taron Idi na hango su zan gane su. Ina juyawa zan fita sai jami'in ya biyo ni bakin ƙofa, ya ce Allah ya sanya alheri, ya kuma tambaya ko za a yi walima, don su shirya motar da za ta kwaso su.

Na biyar, hidimar biki ta tsaya cak. Mai buga kati ya ce me zai sa a wurin sunan ango, ofishinku ya ba da shawarar a shafe wurin da baƙin tawada. Haba, Yallaɓai! Katin 'yata ne fa. Mai hoto an ce ya ɗauki ango ta ƙeya. Inna Kulu ta nemi a nuna mata gidan da za a yi jere, aka ce za a kai ta amma sai an ɗaure mata ido, ita da sauran mata. Ta ce ita da idonta biyu ma sai da ta taɓa kafa gado a karkace, balle a rufe. Ita dai a ganinta sunan ba damuwar amarya ba ce, don har mijinta ya rasu ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. Na ce mata ai ke kin sani kika ƙi faɗa, mu kuwa so muke mu faɗa aka hana mu sani. Liman ya riga ya yanke magana: ba zai ɗaura wa mutum aure da suna uku ba, sai shaidu sun san wanda suke shaida. Sanƙira ma ya zo yana tambayata me zai shelanta wa jama'a. An ɗaura auren Sa'ida da wani bawan Allah?

Ranka ya daɗe, ni ba mahaukaci ba ne. Na san akwai abin da idan aka faɗa a fili za a cuci mai aikin, a cuci jama'a. Ban tambaye ka inda kuke ajiye bindigogi ba, ban tambayi wanda kuke fako gobe ba. Ku riƙe wannan, Allah ya taimake ku. Ban ma ce a buga sunan a kati ba, na haƙura. A raɗa mini a kunne, ni da liman da shaidu biyu, a cikin zaure, a rufe ƙofa. Idan sunan saurayi ɗaya a kunnen tsofaffi huɗu zai rushe ƙasar nan, to wa ya gina ta haka?

Jiya na zaunar da Sa'ida na ce mata ko dai ta haƙura. Ba ta yi mini musu ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ce ita ta san halinsa kuma ya ishe ta, sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ina jin ta tana jan hanci. Tun da mahaifiyarta ta rasu yarinyar nan take riƙe da gidana, masu nema da yawa ta sallama saboda ni. Wannan ne karo na farko da ta nuna tana son wani abu don kanta, kuma ga shi ni ne zan hana ta. Abin yana cin raina, wallahi.

Amma ka duba ta wajena. Aikin da kuka ba yaron nan aiki ne da ake fita a ƙi dawowa, Allah ya kiyaye. Ranar da gari zai waye bai shigo gida ba, 'yata za ta yafa mayafi ta fito nemansa, watakila da goyo a bayanta. Za ta je asibiti, za ta zo bakin kantarku. Idan aka ce mata wa kike nema, me za ta ce?

Ina jiran amsa a bakin aikina, tsakanin huluna, duk lokacin da ya yi wa hukuma daidai.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda bai ga komai ba kuma bai ji komai ba,

Babagana Umar,
mai wankin hula, Kabara, cikin birnin Kano,
uban Sa'ida.